Baƙin Tsiala

A hunturun da Tbilisi ta kwana babu wuta,
ni da Tsiala muka kwashe kwalabe daga firjin da ya mutu,
muka jera su a bakin taga cikin dusar ƙanƙara.
Shekarunta sittin da bakwai, nawa ashirin.
Ta ce, "Gocha, riƙe kyandir sosai, hannunka na rawa."

Ta ɗaga farantin gilashi saitin haske.
Bakteriya ta shimfiɗu a kai kamar madarar da ta kwana,
sai 'yan huji-huji, garau, nan da can.
"Kowane huji maƙabarta ce.
Makashin, ni na ɗebo shi ƙarƙashin gada,
inda kwatar asibiti ke zuba a kogi.
Shi ko ɗaki ba ya shiga.
Kan bango yake sauka da siraran ƙafafu,
ya soka allura, ya tura wasiƙa,
ya bar rigarsa a waje, ba kowa ciki.
Mai gida ya karanta, ya zaci rubutunsa ne,
ya ajiye nasa aiki, ya shiga ƙera kai, ƙera jela.
Kafin burodi ya gasu a tanda
bango ya tsage, ɗari sun fito,
gida kuwa sai labari."

Na ce, "Duk haka suke?"
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ka ji wannan? Na mura ne, ɗan ladabi.
Ƙwanƙwasawa yake, a buɗe, a haɗiye shi har jakarsa.
Takardu takwas ya zo da su.
Yana yanke hatimi daga wasiƙun mai gida
ya manna a kan nasa.
In zai fita, ya yago ƙyallen bango ya yafa.
Magatakardansa rago ne, ba ya duba kuskure,
shi ya sa bana ba ka gane fuskar bara.

Na ƙanjamau kuwa da baibai yake rubutu.
Ya tsaga littafin gadon gida a tsakiya,
ya ɗinke shafinsa ciki.
Daga ranar, wanda duk ya kwafi littafin ya kwafe shi.
Wa za ka kora?
An ce baƙo raɓa.
Wanda ya faɗa bai taɓa leƙa madubin likita ba."

Kyandir ya yi ƙasa. Muka sha shayi a kofi ɗaya,
don ɗayan ya fashe tun kaka.
Sai na lura da ƙurji a gefen leɓenta.

Ta shafa shi da ɗan yatsa.
"Wannan kakata ce ta ba ni, da sumba,
a Telavi, lokacin tsinkar inabi, ina shekara huɗu.
Ya bi jijiya ya haura,
ya naɗe kamar zobe, ya yi likimo.
Ba ya haihuwa, ba ya mutuwa. Sauraro yake.
Ya sauko ranar da muka binne Shalva.
Ya sauko ranar da motar soja ta tafi da ɗana.
Ya sauko shekaranjiya,
ban san me ya jiyo ba tukuna.
An sayar da gidan, an sare kuringar.
Abin da ya rage mini na tsohuwar ke nan."

Da asuba wuta ta dawo, firji ya yi gyaran murya.
Muka mayar da kwalabe, tana ƙirgawa a fili:
ɗari biyu da sha ɗaya. Ɗaya ta tsage.

Yau shekara tara da rufe Tsiala.
Ni ke ɗaga farantin yanzu, yara na hamma.
Amma duk hunturun da ya matsa mini,
sai in ji tsikari a gefen leɓe,
ɗan zafi-zafi, kamar ana taɓa ƙofa da farce.
Ba na tambaya wane ne.
Sai in ɗora shayi.